Muryar da Aka Cire wa Poongodi

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Ban ma gama shan kofi ba waya ta shigo. Senguttuvan ne, matashin daraktan nan da ya bar gemu kamar wanda ya yi bakance. Wai Madam, ko zan sami lokaci a makon nan in ɗora wa jarumarsu murya. Na ce wane fim? Sai da ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya ce fim ɗin gishiri.

Fim ɗin gishiri jaruma ɗaya gare shi, kuma ni na haife ta.

Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a a Kodambakkam, unguwar 'yan fim ta Chennai. A kawo yarinya fara sol daga arewa, wadda ko ruwan sha ba ta iya roƙa da yarenmu na Tamil ba, a tsayar da ita gaban kyamara ta yi ta ƙirga ɗaya, biyu, uku tana matso hawaye, sannan a kira Thilagam, wato ni, ta shiga ɗakin duhu ta sa mata magana a baki. Na yi wa sama da ɗari biyu haka. Su suka karɓi furanni, ni na hau bas na dawo gida, ban taɓa kai ƙarar kowa ba. To Poongodi fa? Yarinyar da ta tashi a Thoothukudi a hannun mahaifiyata, tana wasa a bakin gonakin gishirin da aka yi fim ɗin a kansu? Wa zai koya mata yadda matan can suke magana? Ni?

Na ce masa zan zo in ji da kunnena. Ban ce na yarda ba.

Rabona da magana da ita tun bikin girbi na Pongal, wata huɗu ke nan. Ba zan rubuta abin da ya haɗa mu ba, kuma ba ni zan fara kira ba.

Talata, 7 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na je ofishinsu a Saligramam. Senguttuvan ya sa aka kawo mini shayi, ya ƙi haɗa ido da ni.

Na ce, "Tambi, ƙanena, yarinyar nan bebiya ce?"

"A'a, Madam."

"Tamil ɗinta ne bai nuna ba?"

"Haba Madam. Saboda harshenta na ɗauke ta. Wata uku na yi ina neman wadda za ta buɗe baki a ji ƙamshin teku."

"To?"

"Mudalali ya ce muryarta ta yi kaushi. Wai ba muryar jaruma ba ce."

Mudalali, wato maigida, shi ne Kasinathan, mai kuɗin fim ɗin, wanda da can yake harkar manyan motocin yashi. Yau shi ne masanin murya!

Shekara shida yarinyar nan tana fama. Sau biyar ta fito ƙawar jaruma, aikinta ta tsaya a gefe ta yi dariya idan jarumi ya yi barkwanci. Sau biyu ta fito ƙanwar jarumi, duka biyun an kashe ta kafin hutun rabin lokaci don wanta ya sami dalilin dukan mutane. Sau ɗaya nas, maganarta ɗaya tak, wai likita na zuwa. Akwai daraktan da ya ce mata a gabana fatarta ta yi duhu, fitila ba ta kama ta. Yanzu da ta sami fim nata na kanta, da fuskarta a kan fosta, za a cire mata murya. Kuma kowa ya sani masu ba da lambar yabo ba sa ko kallon jarumar da wata ta yi wa magana.

Na ce, "Idan na ƙi fa?"

Ya ce, "Sharmili zai kira."

Sharmili! Ita da kowace jaruma ta samu sai ta sa mata muryar 'yar shekara tara mai fama da mura. Mace mai ɗaukar kwandon gishiri a ka, ta buɗe baki a ji wannan?

Na ce Alhamis zan fara. Gara ni da Sharmili. Haka na gaya wa kaina a cikin bas, haka kuma nake gaya wa kaina yanzu.

Laraba, 8 ga Mayu, tsakar rana

Tankar ruwa ba ta zo ba. Poongodi ma ba ta kira ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Mudalali da kansa ya zo fasa kwakwar buɗe aiki, farin zane ƙal, zobe a kowane yatsa. Ya haɗa hannu ya gaishe ni har da rusunawa.

"Madam, muryarki zuma ce. Ki wanke mana yarinyar nan tas."

Yarinyar nan. Ya san sunanta, ya kuma san wace ce ni a wurinta. Na yi masa murmushin da nake yi wa irinsu shekara talatin.

Aikinmu ba ya canzawa. Ka tsaya gaban makirfo, allo a gabanka, abin ji a kunnenka. Ta cikinsa ake sako maka sautin da aka ɗauka a wurin wasan, da iska da kukan hankaka da komai, kai kuma ka bi leɓe ka maimaita da tsabta. Arokiyam yana bayan gilashi da na'urorinsa, shekara ashirin muna aiki tare, yana ce mini akka, wato yaya. Ya ɗaga mini yatsa, hoto ya fito.

Ga ta nan ta sunkuya tana jan gishiri da katako, ta ɗago ta yi wa wata magana. Sai muryar uwata ta faɗo mini a kunne. Yadda take jan ƙarshen kalma, yadda take haɗiye rabin zagi, duka. Shekara tara da rasuwar tsohuwar, ban san yarinyar nan ta adana ta haka ba.

Na tsaya sororo, layin ya wuce.

Arokiyam ya danna maɓalli ya ce, "Akka, barci kike ko addu'a?"

Na ce, "Sake sakowa, ka rufe mini baki."

A rayuwata ban taɓa wuce gwaji uku a layi ɗaya ba. Yau na yi goma sha huɗu.

Asabar, 11 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Na gama kashi uku cikin goma sha huɗu na fim ɗin. Maƙogwarona kamar na haɗiyi ƙaya. Dole in sauke muryata ƙasa in kamo tata, in kuwa na kamo sai Senguttuvan ya leƙo ya ce Mudalali ya fi son a tausasa. In tausasa me? Matar tana tsaye cikin ruwan gishiri tun asuba!

Jiya bayan abincin rana Arokiyam ya ce in zauna. Ya sako mini kashi na goma sha uku, wanda ba mu kai ba tukuna, inda take tsaye gaban mai gonar gishiri tana yi masa magana minti huɗu ba tsayawa. Ɗauka ɗaya suka yi. Da ya ƙare ya juyo yana kallona.

"Akka, ke za ki iya wannan?"

Na ce masa ba abin da ban iya ba. Ƙarya na yi, kuma ya sani.

Lahadi, 12 ga Mayu, la'asar

Na dafa kifi da tsamiya yadda take so. Ni kaɗai na ci, ya yi yawa.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ta zo. Na dawo na tarar da Poongodi zaune a matakala, ba ta ko shiga ba alhali tana da makulli. Ta rame. Na ce ta shigo ta ci abinci. Ta shigo, ta tsaya a bakin kicin, ta kira ni Amma, wato Mama, yadda ta saba.

"Amma, kashi nawa kika yi?"

"Shida."

"Sannu da ƙoƙari. Na fita tas?"

Ashe har wannan maganar ta kai mata. Na ce ta iya bakinta, ba da sa'arta take magana ba. Na ce in ba ni ba Sharmili ce, ta zaɓa. Na ce don ita na karɓa.

Ta yi wata dariya da ban so ba. "Don ni. Ai ke kika fara faɗa. Ranar Pongal, a gaban 'yan uwa, kika ce muryar mai tallan kifi gare ni, ba inda za ta kai ni. Shi maimaitawa kawai ya yi."

To ga shi an rubuta. Ba ni na rubuta ba, ita ta faɗa.

Na ce ni uwarta ce, abin da na ga dama zan faɗa a cikin gidana, shi kuwa wane ne? Ta ce wannan tambayar ya kamata in yi tun farko.

"Wata uku muna ɗauka, kullum yana zuwa yana tafa mini. Saura kwana goma a gama sai muryata ta yi kaushi. Kin tambayi kanki me ya sa?"

"To gaya mini."

"Ba zan gaya miki ba. Kina da kunne, da shi kike cin abinci."

Ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Yaran yanzu! Ka yi shekara talatin a ɗakin duhu don su yi makaranta, su zo su tsaya a bakin kicin ɗinka suna yi maka tambayoyin 'yan sanda. Raina ya ɓaci sosai.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Zan je aiki. Ba yarinyar da za ta hana ni aikina.

Alhamis, 16 ga Mayu, yamma

Kashi goma. Senguttuvan ya ce bai taɓa jin aiki irin wannan ba. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Juma'a, 17 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Na dawo da wuri.

Kashi na goma sha ɗaya, wani ɗan gajeren sin, tana ɗaure gashi tana cewa a tafi. Na yi shi sau ɗaya ya zauna. A kunnena na ji muryar darakta ta waccan ranar yana cewa a yanke. A nan Arokiyam kan tsayar da sauti. Yau bai tsayar ba. Allo ya yi baƙi, sautin ya ci gaba.

Sun manta ba su cire mata ƙaramin makirfon da ake maƙala wa ɗan wasa a cikin riga ba. Na ji takunta a kan yashi. Na ji ƙofar motar da suke canza kaya ta buɗe ta rufe. Na ji ta zuba ruwa ta sha. Sai ƙofar ta sake buɗewa, aka murza makulli daga ciki.

Na san muryar. Ita ce ta ce mini zuma ranar buɗe aiki.

Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Ita kalma uku ta faɗa, da muryar nan mai kaushi, sannan na ji ƙarar tafi a kan kumatu, kuma ba nata kumatun ba ne. Makulli ya sake murzuwa. Takunta a kan yashi, da sauri.

Arokiyam ya kashe. Ta cikin gilashi ya ce, "Hannuna ne ya zame, akka."

Hannun Arokiyam bai taɓa zamewa ba.

Na cire abin jin na rataye shi a mazauninsa, na ɗauki jakata.

Asabar, 18 ga Mayu, safe

Ban je ba. Waya ta yi ƙara sau tara.

Lahadi, 19 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Na kira ta. Ni na fara kira. Ba ta ɗauka ba.

Kashi goma. Na tsaya da ƙafafuna kwana takwas ina goge ta layi bayan layi, ina tausasawa yadda yake so, har ina alfahari da gwanintata. Ya san abin da yake yi da ya ce a kira ni. A garin nan akwai mata ashirin masu wannan sana'a, ya ce lallai sai uwarta. Don ta sani. Ni kuma na sa sarina mai kyau na je, na karɓi ɓarin kwakwarsa na kawo gida na kankare a miya.

Na zubar da sauran miyar.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na sami Mudalali a ofis yana cin abinci a ganyen ayaba. Ban zauna ba. Na ce ba zan ƙarasa ba, ya kira mai muryar ta yi abinta tun daga kashi na ɗaya.

Ya ci gaba da murza shinkafa. "Madam ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Kumatunka fa, ya warke?"

Senguttuvan da ke tsaye a gefe ya nemi inda zai sa kansa ya rasa. Mudalali ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce garin nan ƙarami ne, kuma mace mai shekaruna ya kamata ta yi tunanin gobe. Na ce na gode da shawara. Ya ce wa Senguttuvan ya kira Sharmili.

Na fito na hau bas. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Sai dai rabon da in ji sanyi a raina irin haka na manta.

Talata, 21 ga Mayu, la'asar

A sana'armu ba a karɓar aikin da wata ta fara sai ita ta ce ta yafe. Ba a rubuce yake ba, kuma 'yan yanzu ba duka suke kiyayewa ba. Don haka na je gidan Sharmili a Virugambakkam, hawa uku ba lif, ni da ban taɓa yi mata sallama da sakin fuska ba.

Ta ba ni kujera ta kawo lemo. Na fara zagaye-zagaye, ta katse ni.

"Akka, sun kira ni jiya. Na ce maƙogwarona na ciwo."

Na ce ga shi kuwa ina jin ta garau.

Ta ce, "Zai yi ta ciwo har fim ɗin ya fito." Ta juya kofi a hannunta. "Kafin in shiga ɗakin duhu ni ma gaban kyamara na fara. Fim ɗinsa ne. Na san motar."

Kuma da muryarta ta gaskiya ta faɗa, wadda ban taɓa ji ba. Ashe mace ce mai murya. Muryar 'yar shekara taran nan ita suke saye, shi ya sa take sayar musu. Kunya ta kama ni.

Kafin magariba mun kira mata goma sha bakwai. Maƙogwaron kowa na ciwo. Wata cuta ce ta shigo Kodambakkam!

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Masu wasan talabijin ɗin da nake yi wa surukar nan murya shekara huɗu sun kira, wai za su gwada sabuwar murya. Su gwada.

Fosta ta cika bangon gadar Kodambakkam, fuskarta ta kai girman ƙofa, a ƙasa an rubuta 7 ga Yuni. Mudalali ba zai iya ɗaga ranar ba, an riga an kama silima. Kashi huɗu ba murya, ba kuma mai yi masa. Mutum ɗaya ta rage a duk faɗin Chennai da za ta iya. Na lissafa ta kowace fuska, dole ya kira ta.

Asabar, 25 ga Mayu, tsakar rana

Poongodi ta zo da jakarta, ta shiga tsohon ɗakinta. Sharmili ta gaya mata, ina jin. Na zuba mata shinkafa da romon rasam ta cinye ta ƙara. Ba ta ɗauko maganar ba, ni ma ban ɗauko ba.

Da take wanke hannu ta ce, "Amma, gishiri ya yi yawa."

Na ce, "Ke da kika yi wata uku a cikinsa?"

Ta kusa yin dariya.

Litinin, 27 ga Mayu, safe

Bai kira ba.

Laraba, 29 ga Mayu, safe

Bai kira ba. Tana ta duba waya tana yi kamar ba dubawa take ba. Na ji ta a banɗaki tana bitar layukanta ƙasa-ƙasa.

Juma'a, 31 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Arokiyam ya zo gida da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama.

"Akka, an gama haɗawa jiya."

Na ce da muryar wa?

"Ba murya. Ƙananan maganganunta na kashi huɗun nan an yanke su, an ba jarumi. Babban kuwa, na minti huɗun, hoton yana nan. Sai dai an ɗora kiɗa a kai. Bakinta na motsi, goge na kuka."

Poongodi tana tsaye a ƙofar ɗaki. Ta ce, "Darakta ya yarda?"

"Ya yi kuka, sannan ya yarda."

Ya yi kuka! Ya kyauta. A ba shi lambar yabo ta kuka.

Na ce to a cire nawa kashi goman, ban yafe ba. Arokiyam ya ce na sa hannu tun ranar farko, muryar ta zama tasu. Na sani. Shekara talatin da ɗaya ina sa wannan hannun ban taɓa karanta takardar ba.

Wato abin da na yi ke nan. Rabin farko na sa mata bakina, rabin ƙarshe na mai da ita bebiya. Na tara mata goma sha bakwai, na hau hawa uku, na yi ta lissafi kamar wata mai wayo, ban taɓa kawo wa raina cewa mutumin nan zai gwammace ya lalata fim ɗinsa da ya bari a ji ta ba. Ni da na san su tun kafin a haife ta.

Ta koma ɗaki ta rufo ƙofa. Ban bi ta ba, don ban san me zan ce ba.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ba abin rubutawa.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

An nuna wa 'yan jarida jiya, ba a gayyace ta ba. Wani ya rubuta cewa ƙarshen fim ɗin hikima ce babba, wai darakta ya gane shirun mace ya fi maganarta ƙarfi. Na karanta sau biyu, na naɗe ɓawon albasa da shi.

Juma'a, 7 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Ta ce ba za ta je ba. Na ce fim ɗinta na farko ne, ko da ja zan kai ta. Muka tafi nunin safe a wata tsohuwar silima a Vadapalani, ta rufe kai da gyale. Mutane kaɗan ne, yawanci direbobin oto, keke mai ƙafa uku, masu gudun rana da wasu tsofaffi, sai ɗalibai a baya.

Awa biyu na zauna ina jin kaina ina fitowa daga bakin 'yata. Aiki mai kyau ne, shi ya fi ƙona mini rai. Ita ko motsi ba ta yi ba.

Sai aka zo wurin. Ga ta a allo ta ajiye kwando, ta tako gaban mai gona, ta buɗe baki. Goge ya fara. Wani ɗalibi a baya ya ce, "Kai, sauti ya mutu ne?" aka yi dariya.

Ban shirya ba, na rantse. Gwiwar hannuna ce kawai ta zungure ta.

Na ce, "Ga bakinki can yana motsi. Me kike jira?"

Ta kalle ni kamar na haukace. Layi ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. A na uku ta shiga.

Da farko a zaune, sannan ta miƙe, gyalen ya zame. "Ka dubi ƙafata! Ka duba, kar ka kau da kai! Haka ta uwata ta tsage, haka ta kakata. Duk abincin da ka ci a garin nan da fatarmu aka ɗanɗana shi!" Muryar ta danne gogen ta cika silimar har bango. Wani ya ce a yi shiru, wani ya ce masa kai ne za ka yi shiru. Wani tsoho a gabanmu ya juyo ya dube ta, ya dubi allo, ya sake dubanta, ya dafe baki. Mai duba tikiti ya taho da tocila, ya haska fuskarta, ya kashe tocilar ya tsaya a nan.

Minti huɗu. Da ta gama ba wanda ya tafa nan take, sai da hoton ya canza, sannan direbobin oto suka fara fito da ihu. Manaja ya zo ya ce mu fita, wai muna damun masu kallo. Mu ne masu damun! Muka fita.

Mutum arba'in da uku ne suka ji ta, na ƙirga su da za mu fita. Gobe sauran garin za su ji goge. Ba lambar yabo, kuma ban sani ba ko wani zai sake kiranta aiki, ko ni. Har yanzu ina jin haushi, ba na jin zai wuce.

Ni leɓenta na allo nake kallo tun daga farko har ƙarshe, sana'ata ce, ba na iya dainawa. Ba abin ji a kunnenta, ba gwaji, ba Arokiyam, kuma ba ta kuskure ko da harafi ɗaya ba. Da ni ce, da na kwana biyu a kansa ban kamo ba. Ta fi ni, kuma muryarta ta fi tawa.

Na gaya mata. A cikin oto, a kan hanyar gida, da bakina na gaya mata, ban jira na zo na rubuta a nan ba.